Hutun Keke na Kaka a Lombardiya: Yadda Ake Shirya Shi da Yadda Ake Kallon Tseren Il Lombardia

Hutun keke na kallon tsere tafiya ce ta kwana huɗu zuwa bakwai da ake gina ta a kan rana guda, wato ranar da ƙwararrun 'yan tseren keke za su fafata a kan titi. Kwanakin da suka gabaci ranar, matafiya kan hau nasu kekunan su bi hanyoyin da za a yi tseren a kansu, ƙarƙashin jagoran da ya san yankin, mota kuma tana biye da su ɗauke da ruwa da abinci da kayan gyara. Ranar tseren sai su tafi da keke zuwa wani hawa da aka zaɓa, su tsaya a bakin hanya su jira ayarin. A lokacin kaka, tseren da ya fi dacewa da irin wannan tafiya shi ne Il Lombardia, wanda ake yi a arewacin Italiya, ranar Asabar, a farkon rabin watan Oktoba.

Tseren da tarihinsa

An fara Il Lombardia a 1905, kuma ɗan Italiya Giovanni Gerbi ne ya ci na farko. Yana cikin manyan tseren yini ɗaya guda biyar da suka fi kowane daraja a duniyar keke. Sauran huɗun su ne Milan zuwa San Remo, da zagayen Flanders, da Paris zuwa Roubaix, da Liège zuwa Bastogne a komo Liège, dukkansu kuma a watannin Maris da Afrilu ake yin su. Il Lombardia ne kaɗai ya faɗo a kaka, shi ya sa Italiyawa suke yi masa kirari da tseren busassun ganyaye. Kamfanin RCS Sport, wanda ke shirya Giro d'Italia, shi ke shirya shi.

Tsawonsa yakan kai kilomita 240 zuwa 255, kuma idan aka tara dukkan hawan da ke cikinsa ya haura mita 4,000. Wanda ya ci yakan kammala cikin kimanin awa shida. Saboda yawan tuddai, tseren na gwanayen hawa ne, ba na masu ƙarfin gudu a fili ba. Fausto Coppi ya ci sau biyar, daga 1946 zuwa 1949 sannan a 1954, kuma an shafe shekara saba'in ba wanda ya kamo shi, sai da Tadej Pogačar ɗan Sulobeniya ya ci sau biyar a jere daga 2021 zuwa 2025. Alfredo Binda ya ci sau huɗu, Vincenzo Nibali kuma sau biyu, a 2015 da 2017.

Abin da ya fi shafar mai shirin tafiya shi ne hanyar ba ta tsaya wuri ɗaya ba. A 'yan shekarun nan garuruwan Como da Bergamo ne ke karɓa-karɓa: a 2021 da 2023 da 2025 an tashi daga Como aka ƙare a Bergamo, a 2022 da 2024 kuma aka yi akasin haka. Wannan shi ke yanke inda ya kamata a sauka da kuma hawan da za a tsaya a kansa, don haka shi ne abu na farko da ake tambaya kafin a biya ko sisi.

Ƙasar da yanayinta

Tafkin Como yana gindin tsaunukan Alps, arewa da birnin Milan, kusa da iyakar Suwizalan. Daga arewa yake gangarowa, sai ya rabu reshe biyu: ɗaya ya nufi garin Como, ɗaya ya nufi Lecco, garin Bellagio kuma yana daidai inda suka rabu. Tuddan da ke tsakanin rassan biyu su ne zuciyar tseren, domin a nan hawan Ghisallo da na Sormano suke. Bergamo tana gabas, kwaruruwan Brembana da Seriana kuma suna arewa da ita, cike da hawa masu tsawo.

Kalmar kaka na iya yaudarar mai karatu. A ƙasar Hausa kaka lokacin girbi ne, sama ta ɗauke, rana na da zafi, ƙasa ta fara bushewa. Kakar Lombardiya kuwa shigowar sanyi ce: ganye na komawa ja da rawaya yana zuba, hazo kan kwanta a kan tafki da safe, ruwan sama kuma na iya sauka kowace rana. A bakin tafki zafin rana yakan tsaya tsakanin digiri 10 da 20 a ma'aunin Selshiyas, sannan duk mita 1,000 da aka hau sanyi kan ƙaru da kusan digiri shida. Rana tana faɗuwa kafin ƙarfe bakwai na yamma, agogon Italiya kuma a wannan lokacin yana gaban na Nijeriya da Nijar da awa ɗaya. Ruwan Oktoba ba abin rainawa ba ne: a 2024 sai da aka dakatar da tseren Tre Valli Varesine, wanda ake yi a Varese 'yan kwanaki kafin Il Lombardia, bayan an riga an fara, saboda ruwa ya mamaye titi.

Zaɓen shirin tafiya

Masu shirya irin wannan hutu suna da yawa, kuma tallarsu kusan iri ɗaya ce. Abin da ke bambanta su yana cikin amsar 'yan tambayoyi. Mutum nawa ne a ƙarƙashin jagora ɗaya? Idan suka wuce takwas ko goma, jagoran ba zai iya sa ido a kan na gaba da na baya ba a hanyar da ke lanƙwasa. Ana raba mutane rukuni-rukuni gwargwadon ƙarfinsu, ko kowa ake turawa hanya ɗaya? Motar rakiya tana da kujerun ɗaukar wanda ya gaji, ko kaya kawai take ɗauka? Akwai makaniki? Kuɗin da aka faɗa ya haɗa da hayar keke da abincin dare da ɗauko mutum daga filin jirgi? Tambaya mafi muhimmanci ita ce: ina za a tsaya ranar tseren, kuma me aka tanada idan ruwa ya ɓalle? Mai shirin da ya san aikinsa zai ambaci sunan hawa da lokacin tashi daga otal. Wanda ya ce za a ga tseren a wurare huɗu ko biyar, to a yi hattara da shi, domin hanyoyin tuddai ƙunci gare su, kuma 'yan sanda kan rufe su kafin ayari ya iso.

Masauki ma zaɓi ne mai nauyi. Bellagio ta fi kyan gani kuma daga ƙofarta hawan Ghisallo ya fara, amma tana da tsada. Como da Lecco suna da jirgin ƙasa zuwa Milan. Bergamo ta fi dacewa a shekarar da za a ƙare tseren a can, kuma filin jirgin Orio al Serio yana bakinta. Sauran filayen jirgin yankin su ne Malpensa da Linate. Ya kamata otal ɗin ya kasance da ɗakin ajiye kekuna mai kulle da wurin wanke tufafi, don kayan da suka jiƙe yau su ne za a nema jibi.

Takardu da shirin jiki

Mai fasfo na Nijeriya ko Nijar ko Gana yana buƙatar bizar Schengen ta gajeren zama, wadda ke ba da damar kwana 90 cikin kowane kwana 180. Ana iya neman ta tun wata shida kafin tafiya, kuma tun Yunin 2024 kuɗinta Yuro 90 ne ga babba. Sharaɗi ne a nuna inshorar lafiya da ta kai Yuro 30,000. A nan akwai tarkon da mutane da yawa ke faɗawa: inshorar da ta isa a ba da biza ba lallai ne ta ɗauki nauyin haɗarin wasanni ba, don haka a karanta takardar a tabbatar hawan keke a titi yana ciki. Lambar neman agajin gaggawa a Italiya ita ce 112.

Shirin jiki ba a yin sa a mako biyu. Tafiyar yini a irin wannan hutu takan kai kilomita 60 zuwa 100, da hawan mita 1,000 zuwa 1,800, kwana uku ko huɗu a jere. Wanda ke son jin daɗinta ya fara atisaye wata uku kafin lokacin, sau uku a mako, yana ƙara tsawon tafiyar ƙarshen mako sannu a hankali har ya iya yin awa huɗu a kan sirdi ba tare da ya galabaita ba, kuma ya iya sake hawa washegari. Mazaunin shimfiɗaɗɗiyar ƙasa irin Kano ko Maraɗi ba shi da hawan minti arba'in a kusa da shi. Abin da zai yi shi ne ya sa giya mai nauyi ya yi ta tuƙi ba tsayawa na minti ashirin zuwa talatin, ya fuskanci iska idan akwai, ko ya nemi gajeren tudu ya riƙa maimaita shi. Wanda zai iya zuwa tuddan Jos ya sami abin da ya fi kama da ainihin aikin. Mai hawan jini ko ciwon zuciya ko sukari ya fara ganin likita.

Keke da kaya

Hanya biyu ce: a zo da keke ko a yi haya. Zuwa da shi yana buƙatar akwatin keke da kuɗin kaya na musamman a jirgi, ga fargabar lalacewa ko ɓata a hanya. Haya ta fi sauƙi, muddin an aika da awon kekensa na gida tun da wuri: tsayin sirdi daga tsakiyar inda feda ke juyawa, da nisan sirdi zuwa kan keke. Gogaggun mahaya kan zo da sirdinsu da fedarsu da takalmansu a ɗaura musu a kan keken haya, don sabon sirdi a rana ta biyu yakan zama azaba.

Giya ita ce abin da ba a sassauci a kansa. A gaba ana son faranti biyu masu haƙora 50 da 34, a baya kuma babban faranti mai haƙora 32 ko 34. Duk abin da ya gaza haka zai sa mutum turin keke a Lombardiya. Kafin a bar shagon haya a gwada birki: a san hannun da ke kama tayar gaba, domin wanda ya saba da akasin haka zai iya kifawa a gangarar farko. Keke mai batir halal ne a yawancin shirye-shiryen, kuma yana ba miji da mata ko abokai masu ƙarfi daban-daban damar tafiya tare. Dokar Tarayyar Turai ta sa injinsa ya daina taimako idan gudu ya kai kilomita 25 a awa. Kamfanonin jiragen sama ba sa ɗaukar babban batirinsa, saboda haka a can ake hayarsa.

Tufafi kuwa a sa su hawa-hawa, yadda za a iya cirewa a mayar. Mutum yakan yi gumi sharkaf a hawa, sannan ya yi minti ashirin yana gangara cikin iska mai sanyi, kuma a nan ne yatsu ke sandarewa har su kasa damƙe birki. Rigar ruwa mai naɗewa ta shiga aljihu, da safar hannu mai rufe yatsu, da abin rufe damtse da gwiwa, da hular kwano, ba a fita ba su. Fitilar gaba da ta baya wajibi ne, don hanyoyin bakin tafki na ratsa ramuka a cikin dutse, dokar Italiya kuma ta ce mai keke ya sa riga mai ƙyalli a cikin irin waɗannan ramuka da kuma bayan gari idan duhu ya yi. Tuƙi a hannun dama ake yi, kamar a Nijeriya da Nijar.

Kwanakin da suka gabaci tseren

Ranar farko ta daidaita keke ce da ɗan zagaye mara wuya a bakin tafki. Hanyar Como zuwa Bellagio kimanin kilomita 30 ce, siririya mai yawan kwana. Ana iya tsallake tafkin da keke a jirgin fito da ke zirga-zirga tsakanin Bellagio da Varenna da Menaggio da Cadenabbia, abin da ke ba jagora damar haɗa zagaye iri-iri ba tare da an maimaita hanya ba. A wannan ranar ce jagora ke karantar mutanensa, ya gane mai ƙarfi da mai tsoron gangara, ya kuma koya musu alamun hannu na nuna rami ko tsayawa.

Ana auna tsananin hawa da kashi cikin ɗari: hawa mai kashi 7 yana nufin a kowace mita 100 da aka yi gaba, an ɗaga sama da mita 7. Kashi 5 ana yin sa ana hira, kashi 10 yana ɗauke magana, abin da ya haura kashi 15 kuwa kokawa ce.

Madonna del Ghisallo shi ne hawan da ba a tsallakewa. Daga Bellagio ya ɗan haura kilomita 10, kuma gida uku ne: farko mai tsanani da ke kai wa kashi 14 a wasu wurare, sai tsakiya inda hanya ke kwantawa har ta ɗan gangara ta ƙauyen Civenna, sai ƙarshe mai lanƙwasa da ke kai mutum ƙoli a tsayin mita 754. Kuskuren baƙo shi ne ya ƙarar da ƙarfinsa a gidan farko, yana ganin sararin tsakiya ya ɗauka an gama. A ƙolin akwai wata ƙaramar majami'a wadda tun 1949, da sanarwar Paparoma Pius na 12, ta zama wurin da mahaya keke mabiya ɗariƙar Katolika ke girmamawa. Bangonta cike yake da riguna da kekunan zakaru irin su Coppi da Gino Bartali da Eddy Merckx. Akwai kuma lanƙwasasshen keken Fabio Casartelli, ɗan yankin Como, zakaran Olamfik na 1992, wanda ya rasu a haɗari a tseren Tour de France na 1995. Wurin ibada ne, don haka ana shiga da natsuwa ko wane addini mutum yake bi. Kusa da ita akwai gidan tarihin keke da aka buɗe a 2006 bisa ƙoƙarin tsohon zakara Fiorenzo Magni, kuma ya cancanci awa guda cur. Shirin da ya ba mutane minti goma a nan don ɗaukar hoto ya tauye su.

Muro di Sormano, wato katangar Sormano, wani abu ne daban. Bai kai kilomita 2 ba, amma matsakaicin tsananinsa ya haura kashi 15, wani wurin kuma ya wuce kashi 25. An sa shi cikin tseren daga 1960 zuwa 1962, aka cire, aka dawo da shi a 2012, kuma ba kowace shekara ake bin sa ba. An rubuta tsayin kowace mita a kan kwalta, mahayi na gani yana ƙirgawa. Ba dole ba ne: akwai babbar hanya mai sauƙi da ke kai wa ƙoli ɗaya, Colma di Sormano, a tsayin da ya haura mita 1,100. Gangarar da ke sauka daga nan zuwa Nesso ita ce wadda Remco Evenepoel ya faɗa ta kan wata gada a tseren 2020 ya karya ƙugu. Idan ƙwararre a rufaffiyar hanya ya gamu da haka, baƙo a hanyar da motoci ke tahowa ya kamata ya rage gudu tun kafin ya shiga kwana, ya tsaya a hannunsa, ya kuma kula da jiƙaƙƙen ganye da ke da santsi kamar sabulu.

A ɓangaren Bergamo, hawan da ake gwadawa shi ne Passo di Ganda, kimanin kilomita 9 a kashi 7, wanda ƙarshensa ya fi farkonsa tsanani, sai gangarar Selvino mai kwana bayan kwana, sai ɗan gajeren hawa mai daɓen duwatsu da ke shiga tsohon birnin Bergamo na kan tudu ta Colle Aperto. Ganuwar birnin, wadda mahukuntan Venice suka gina, ta shiga jerin kayan tarihin duniya na UNESCO a 2017.

Game da ci da sha, ana kurɓar ruwa akai-akai ko ba a jin ƙishi, don sanyi na ɓoye ƙishirwa, ana kuma cin ɗan wani abu kowane minti arba'in da biyar. Abincin yankin ya dace da mai aikin ƙarfi: polenta, wadda tuwon masara ce a wata siga, da shinkafar risotto da kifin tafki, da taliyar pizzoccheri. Musulmi ya sanar da mai shiri tun kafin tafiya, domin naman alade na shiga abinci da yawa ba tare da an ambata ba, har da casoncelli, sanannen abincin Bergamo. Jajibirin tsere kuma ba ranar gwada ƙarfi ba ce. Gajeren zagaye ya isa.

Ranar tseren

Masu shirya tseren kan fitar da jadawalin da Italiyawa ke kira cronotabella, wanda ke nuna lokacin da ake sa ran ayari zai wuce kowane gari bisa gudu iri uku. Da shi jagora ke aiki. Ƙa'idar ita ce a isa wurin tsayawa awa biyu ko uku kafin lokacin da ya fi sauri a jadawalin. Keke yana da fifiko a kan mota a wannan rana, domin sau da yawa ana barin masu keke su wuce bayan an hana motoci, amma idan ɗan sanda ya ce a sauka, an sauka ke nan.

Zaɓin wurin kallo uku ne. A wurin tashi ana gabatar da ƙungiyoyi a kan dandamali, ana ganin 'yan tsere da kekunansu kusa-kusa a gefen motocin ƙungiya. A nan ne ake ganin rigar zakaran duniya mai zanen bakan gizo, wadda aka ci 'yan makonni kafin nan, kamar ta 2025 da Pogačar ya ci a Kigali ta Ruwanda. A wurin ƙarewa akwai babban allo da bikin ba da kyauta, sai dai cunkoso ya yi yawa kuma 'yan tseren kan wuce kamar walƙiya. Na uku shi ne hawa, kuma shi ya fi. A fili ayari na gudun da ya haura kilomita 40 a awa, ya wuce cikin daƙiƙa kaɗan. A hawa mai tsanani kuwa gudun yakan ragu da fiye da rabi, ayari ya tsinke gida-gida, a ɗauki minti goma ko ashirin ana wucewa, har mutum ya ga fuska ya ji numfashi.

Wane hawa? Idan a Bergamo za a ƙare, Ghisallo yakan zo da wuri, ayari na dunƙule, amma ƙararrawar majami'a na kaɗawa yayin da suke wucewa. Inda ake raba gardama shi ne Passo di Ganda, kimanin kilomita 30 kafin ƙarshe. A kansa ko a gangararsa aka yanke tseren 2021 da 2023 da 2025. Idan a Como za a ƙare, wuraren su ne Ghisallo da Colma di Sormano, inda Pogačar ya ɓalle a 2024 saura kusan kilomita 48, da kuma Civiglio ko San Fermo della Battaglia da ke bakin gari, gwargwadon hanyar shekarar. A tsaya a sulusin ƙarshe na hawan, a inda ake hango hanya daga nesa. Kuma a zaɓi hawan da aka riga aka hau da ƙafar kai a kwanakin baya. Wannan shi ne dalilin tafiyar gaba ɗaya: wanda ya yi minti hamsin yana fama da Ganda ranar Alhamis, shi ne zai gane abin da idonsa ya gani ranar Asabar idan wani ya haye shi cikin ƙasa da rabin wannan lokaci, bayan ya riga ya yi kilomita 200.

Sanin tsarin ayari yana ƙara daɗin kallo. Kowace ƙungiya tana da mahaya bakwai, ɗaya ko biyu ne ake sa ran su ci, sauran masu hidima ne: su tare wa jagoransu iska, su ɗauko masa gorar ruwa, su ja ayari don a kamo waɗanda suka ɓalle. Wanda ke bayan wani yana rage kusan sulusin wahalar iska a fili, shi ya sa 'yan ƙalilan da suka tsere da safe yawanci ake kamo su. Alamar isowa ita ce ƙarar jirgi mai saukar ungulu, sai baburan 'yan sanda, sai mota mai allon da ke sanar da farkon tsere. Bayan mahaya akwai jerin motocin ƙungiyoyi ɗauke da kekuna a rufinsu, da motar asibiti, kuma ba a komawa kan titi sai motar da ke sanar da ƙarshen tsere ta wuce. Wayar da ke da intanet tana ba mutum damar bin tseren a talabijin yana jira, ko da yake sadarwa kan yi rauni idan jama'a ta taru a kan tudu.

Ladabin ɗan kallo ba ado ba ne, kare rai ne. Keke a kwantar da shi nesa da kwalta. Ba a gudu a gefen ɗan tsere, ba a tura shi, ba a miƙa waya ko tuta ko allo cikin hanya, ba a juya wa ayari baya don ɗaukar hoto. A 2018 Nibali ya faɗi a cikin cunkoson 'yan kallo a hawan Alpe d'Huez ya karya ƙashin baya, ya fice daga Tour de France. A 2021, a ranar farko ta Tour de France ɗin, allon kwali da wata 'yar kallo ta miƙa ya kayar da mahaya masu yawa. Yaro a riƙe hannunsa. Jira a kan tudu yana da sanyi fiye da tuƙi, don haka ana sa busasshiyar riga da babbar rigar sanyi a motar rakiya ko a jakar goyo, a canza da zarar an isa. Bayan tsere ba a gaggawar sauka: ɗaruruwan kekuna da motoci na gangara lokaci guda, haske kuma na raguwa, don haka jagora yakan jira minti ashirin ko talatin, a kunna fitilu, a sauka a jere.

Washegari

Ranar Lahadi ana yin Gran Fondo Il Lombardia, tseren gama-gari da ke bin wasu daga cikin hawan yankin Como. Shigarsa na buƙatar rajista tun da wuri da takardar likita mai shaida cewa mutum zai iya gasar keke, kamar yadda dokar Italiya ta tanada, kuma ba a samun wannan takarda a daren Asabar. Wanda bai shirya masa ba yakan yi ɗan zagayen sassauta ƙafa, ya mayar da keken haya, ya cire fedarsa da sirdinsa, ko ya wanke nasa ya busar kafin ya sa shi a akwati. A ranar Lahadin ƙarshe ta Oktoba Italiya ke mayar da agogo baya da awa ɗaya, otal da yawa na bakin tafki kan rufe daga Nuwamba, kuma babban tseren yini ɗaya na gaba shi ne Milan zuwa San Remo, a watan Maris.